Ranar da Alhaji Maharazu Ya Yafe Ƙafar Haruna

Allah ya yi wa unguwar Koki baiwa da malamai da attajirai, amma duk babu kamar Alhaji Maharazu, shi ma kuwa ya san da haka. Mutum ne da ya taɓa aiki a wani kamfanin inshora a Kaduna har na wata biyar cur, shekara talatin da suka wuce. 'Yan hassada suna cewa aikin nasa kai takardu ne daga bene zuwa ƙasa. Ko da haka ne, ai takardun inshora ne, kuma ta hannunsa suke bi. Tun daga lokacin ba ya fita sai da baƙar jaka da biro uku a aljihu, har mutanen unguwa suka laƙaba masa Lauyan Zaure. Da sunan ya kai kunnensa, ya ɗauke shi a matsayin ƙarin girma.

Ana nan sai motar wani kamfanin fulawa ta banke Haruna tela, mijin Husaina ƙanwar Alhaji, a wajen Ƙofar Wambai. Ƙafar dama ta karye wuri biyu, ita ce kuwa mai taka keken da ke ciyar da mutum bakwai. Likita ya ce a yi aiki a sa ƙarfe kafin wata guda, in ba haka ba ƙashin zai haɗe a karkace. Motar tana da inshora, direba ya amsa laifi, 'yan sanda sun rubuta rahoto. Komai ya zo da sauƙi, har sai da Alhaji ya iso da jakarsa.

"Kowa ya janye hannunsa," in ji shi. "Mutanen nan na san su ciki da waje. Manajansu idan ya ji sunana, a tsaye yake amsa waya."

Ya ɗaga hoton ƙashin Haruna sama, ya riƙe shi a juye, ya jinjina kai irin na masana. Washegari ya tafi ofishin inshora, aka miƙa masa fom ya ƙi cikawa, wai fom na waɗanda ba a sani ba ne. Ya wuni yana jiran manaja. Da yamma ya dawo ya ba da labarin karramawar da aka yi masa: kujera mai juyawa, da ruwan sanyi har kofi biyu.

Duk da taimakon Alhaji, kamfanin inshorar ya aiko da ma'aikacinsa, wani matashi mai suna Nazeer, ya zo dubiya ya kuma kawo takardar biyan kuɗin aikin ƙafar. Alhaji ya sa aka kinkimo Haruna zuwa zaurensa, ya gayyato liman da mai unguwa, don ilimi irin nasa bai kamata a yi shi a ɓoye ba. Tun kafin baƙon ya iso ya raɗa wa Haruna dabarar.

"Ɗan mutunci ba ya karɓa a tayin farko. Ko tuwo aka kawo maka, sai ka ce ka ƙoshi, a sake, ka sake ƙi, a na uku ka wanke hannu. Duk ƙin da muka yi, sai sun ƙara."

Nazeer ya gaisa, ya yi jaje, ya ce kamfani zai ɗauki nauyin aikin. Alhaji ya gyara zaman hula, ya dubi jama'a.

"Mu gidan mutunci ne. Tun kakanninmu ba a san mu da sayar da jini ba. Abin da ya faru ƙaddara ce. Mun yafe, duniya da lahira."

Zaure ya ɗauki addu'a. Haruna ya buɗe baki, Alhaji ya ƙifta masa ido, ya zauna jiran a roƙe shi. Nazeer kuwa haifaffen Yakasai ne, ya san kara irin ta Kano sarai, amma ya fi sanin wanda ke biyansa albashi.

"Alhaji," ya ce cikin ladabi, "magana mai daraja irin wannan bai kamata ta bi iska ba. Ko a rubuta ta?"

Wata takardar ta fito daga ƙasan ta farko, kamar da ma jira take. Haruna ya sa hannu, don wa zai ƙaryata yayan matarsa a gaban liman? Alhaji ya zaro mafi tsada a cikin birorinsa, ya rattaba a wurin shaida, sa hannun da ya cinye layi uku.

"Yaya, aikin fa?" in ji Husaina daga bayan ƙofa.

"Ke ba ki san inshora ba. Gobe za su dawo da gwiwa a ƙasa."

Ya shimfiɗa darduma ya jira gobe, ya jira jibi, har watan likita ya cika. Abin da ya zo wasiƙa ce, ta godiya bisa dattakon Alhaji Maharazu, da sanarwar an rufe fayil. Ya kai aka sa mata gilashi, ya rataye a zaure, duk wanda ya shigo sai ya karanta masa sakin layi na farko. Haruna kuma aka kai shi wurin mai ɗori. Ni da nake maƙwabcinsu, ranar da na ga ya fito da sanda yana jan ƙafa, wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Da Sallah ta gabato, Alhaji ya ɗauki shadda ya tafi gidan ƙanwarsa, tunda a can ɗinki kyauta ne. Haruna ya ce ba zai iya ba. Alhaji ya yi murmushi, ya gane kara ce, ya sake turawa. Haruna ya sake ƙi. Masanin ya miƙa a karo na uku, yana jiran a karɓa.

Haruna ya ninke shaddar, ya ɗora masa a kan baƙar jaka.

"Ba kara nake yi ba, Alhaji. Ƙafar da za ta ɗinka maka tana can bangon zaurenka, cikin gilashi."