Yadda Na Zama Talakan Gwaji a Ajin Kare Haƙƙi

Jama'a, yau da hantsi an tsayar da ni a gaban aji ana nuna ni da sanda kamar taswira, kuma 'yar cikina ce ta kai ni.

Auta nake nufi. Ta gama jami'a, ta zauna a gida har kujerar falo ta lotsa daidai ita. Duk inda aka ce ana ɗaukar matasa horon sanin makamar aiki, sai ta nema. Wani wuri suka ce sabon gama makaranta suke so, amma wanda ya daɗe yana aiki. Wani wurin kuma an rufe karɓar takardu kafin a sanar da buɗewa. Kwatsam sai wata cibiya da ke koyar da tsara manufofin jama'a da kare haƙƙin ɗan Adam ta kira ta. Horon wata shida ne, in an gama za a riƙe mutum biyu a ba su aiki. Mamanta har da kuka.

Jiya ta same ni a shagona ina kwance wata fanka, ta ce, "Baba, gobe ana son ganinka a cibiya."

Na ce, "Ni? Me na yi?"

Ta ce, "Kusan dai karrama ka za a yi."

Ban ji "kusan" ɗin ba. Maƙwabcina mai faci, wanda kunnensa ya fi zama a shagona fiye da nasa, ya leƙo ya ce, "Irin wannan kira kujera ake bayarwa. In sun naɗa ka mai ba da shawara, kar ka manta da wanda ke kama maka tsani."

Da safe na ɗauko rigar da nake ɓoyewa a ƙasan akwati, na fesa turare har maman yara ta buɗe taga. Motar hayar da muka hau ta shiga layin mai da mu a ciki, direba ya ce mai sauri ya sauko ya tura. Ban tura ba. Wanda za a karrama ba ya turin mota.

A ƙofar cibiya muka tarar da shugabar shirin, wata mata mai kati rataye a wuya. Ta dube ni daga hula zuwa takalmi, ta ja Auta gefe, amma ina jin su.

"Wannan ne? Ai yana da kumatu. Ga shi yana ƙamshi."

Auta ta ce, "Wallahi talaka ne, ranki ya daɗe. Tun ina ƙarama na san shi a haka."

Nan gaskiya ta fito. Ashe darasin wannan mako shi ne Sauraron Talaka, an ce kowane ɗalibi ya kawo guda ɗaya. Sauran ɗaliban 'ya'yan manya ne, ba su san inda ake samu ba. Wani ya kawo direban babansa, da aka bincika aka ga yana da gidan haya. Wata ta kawo hoto a waya. Auta ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, in ban kawo ba makina zai zube, kuma ni ba ni da wanda zai buga waya a kaina."

Na tuna zaman da ta yi a gida, na tuna yadda take goge takalminta kullum ko ba inda za ta. Na cire rigar sama na miƙa mata. Shugabar ta karkata min hula, ta ce in cire agogo. Na ce ai ba ya aiki. Ta ce to in bar shi, zai ƙara armashi.

Ajin sanyi ƙalau, janareta biyu na ruri a waje, ɗaya na aiki, ɗaya na taya shi hira. Matasa sun cika kujeru. Akwai wani matashi a layin gaba da ya rina gemu, na rantse yana gaba da ni a firamare.

Bayan mun daskare sai ga jiniya. Mai Girma Babban Uban Tausayin Jama'a ya iso, Allah ya ƙara masa tausayi. Ɗalibai uku na biye da shi suna koyon tsara manufa a aikace: ɗaya riƙe da wayarsa, ɗaya da tabarau, ɗaya da hankicin da yake share hawaye in an ambaci talakawa. Ya yi dogon jawabi a kan 'yancin faɗin albarkacin baki. Wani ya yi tari a tsakiya, aka fitar da shi.

Daga nan aka kira ni gaba. Malamin ajin ya ɗora min sanda a kafaɗa ya ce, "Wannan shi ne talaka. Ku lura da yadda yake tsaye ba a ba shi kujera ba, kuma bai tambaya ba." Suka duƙufa suna rubutu. Wata ta ɗaga hannu ta ce ko ana iya taɓawa. Aka ce a hankali.

Wani yaro mai ladabi ya ce, "Baba, in an ɗauke muku wuta, me ya sa ba kwa kunna janareta?"

Na ce, "Mantuwa ce, ɗana."

Ya rubuta. Wata ta ce, "Baba, ina kake zuwa hutu?"

Na ce, "Ina juya kujerar shago ta kalli ɗaya bangon."

Ta ce kai, abin sha'awa.

Sai aka zo babban lokaci, aka miƙo min makirufo in faɗi bukatuna. Dama cikina cike yake da magana. Ga kwatar da ke gaban shagonmu, wadda aka sha zuwa yanka mata kirtani da kaɗe-kaɗe amma ba a taɓa zuwa da shebur ba. Ga layin mai. Na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, da farko dai kwatar..."

Tafi ya ɓarke. Aka zare makirufo daga hannuna. Mai Girma ya karɓi hankici ya dangwala a ido ya ce, "Mun ji kukanka, bawan Allah." Nan take aka raba wani littafi mai sheƙi, bugagge tun makon jiya, ɗauke da cikakken jawabina. A ciki na gode wa Mai Girma, na kuma ce babbar bukatata ita ce a ƙara yawan tarurruka a otal. Gaskiya na yi magana mai tsari, ban san na iya haka ba.

Da aka kawo abinci kowa ya samu faranti ban da ni. Shugabar ta ce in na ƙoshi zan lalace, ga shi 'yan ajin rana ba su gan ni ba tukuna. Sai na ga Auta ta miƙe, ta ce, "Ranki ya daɗe, a darasin makon jiya an ce abinci haƙƙi ne." Ta tako ta ajiye farantinta a gabana.

Na ce a raina shi ke nan, ta koma kujerar falo. Mai Girma ya taso a hankali, ya ɗauke farantin, ya kira mai hoto, ya miƙo min da hannunsa mai albarka. Hoton bai yi kyau ba, ya karɓe ya sake miƙowa. Muka yi ta yi, ni da shi da faranti, har abincin ya huce. Sannan ya sanar cewa wannan sabuwar manufa ce da ya daɗe yana tunani a kai, kuma yarinyar da ta riƙe masa farantin tana da makoma. Aka sa sunanta cikin waɗanda ake duba yiwuwar riƙewa.

A hanyar gida ta ce, "Baba, ka yafe min."

Na ce, "Ba komai. Amma gobe in sun ce a kawo gawa, ki gaya min tun da wuri."

Mai faci kuwa ya daina yi min magana. Ya ce son kai ne, shi da ya fi ni talauci nesa ba kusa ba, ga haƙori ɗaya babu, amma aka tsallake shi aka ɗauki mai 'ya a ciki. Har a talauci, in ji shi, sai kana da hanya.

Ɗazu shugabar ta bugo waya. Wai wata mai zuwa akwai babban taro da baƙi daga nesa, suna so in sake zuwa, da sharaɗin kada halina ya gyaru kafin lokacin. Na ce ta kwantar da hankalinta. Muddin su Mai Girma na kan aiki, wannan alkawari ɗaya dai zai cika.