Rasuwar 'Yar Balda, Bas Ɗin Malam Na'ibi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kishin da ya ƙi ɓoyuwa, Malam Na'ibi Abdulgaffar na unguwar Bani Malik yana sanar da 'yan'uwa da tsofaffin fasinjoji rasuwar bas ɗinsa, 'Yar Balda, ranar Talata da hantsi, tana da shekara talatin da huɗu.

Marigayiyar tana cikin ragowar ƙananan bas-bas na khaɗɗul balda, wato layin cikin gari, waɗanda suka goyi Jidda tun kafin a san jira a tasha. Ba ta da girman kai. Ka ɗaga hannu ta tsaya, ka ƙwanƙwasa rufi ta sauke ka a bakin lungunku. Shekara ashirin tana kai Inna Mairo mai gyaɗa Bab Makka da buhunanta, ba ta taɓa cewa kaya sun yi yawa ba. Da safe sai ta yi tari uku, "kyar, kyar, kyar", sannan ta ce "burum", maƙwabta su san lokacin fita ya yi.

Ciwon ajalinta ya soma ne da zuwan manyan bas-bas masu sanyi, aka ce ta kauce daga hanya. Ta haƙura, ta koma kai mata biki. Abin da ya ƙarasa ta, a faɗar Malam Na'ibi, shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na Riyad. Mairon nan da aka yi wa hidima ta je can ganin jika, ta dawo bakinta bai huta ba: wai babu zufa, wai babu direba. Babu direba! A cikin marigayiyar ta faɗa, a kujerar gaba, har da nuna wa mata hoto a waya. Abin ya ƙona wa Malam Na'ibi rai. Mai tafiya a rami kamar gafiya, wanda bai san sunan kowa ba, shi ake yabo. Ita da take jiran mutum ya nemo takalminsa, ko sannu babu. Ɗan Adam butulu. Washegari ya murɗa makulli, ta ce "kyar" sau ɗaya, ta yi shiru.

Ta rasu ta bar tayar safaya guda, da fasinjojin da idonsu ya koma Riyad tun Jidda ba ta haƙa nata ramin ba, da shi kansa Malam Na'ibi, wanda har yau yake goge mata gilashi. Tsohon doki sai mai shi.

Za a ja ta zuwa tashlih, maƙabartar motoci ta Buraiman, ranar Alhamis bayan la'asar. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida kwana uku. Inna Mairo na iya zuwa, amma ta bar wayarta a gida.

Ana kuma roƙon mai mota ya taimaka ya dawo da Malam Na'ibi daga Buraiman. In ba a samu ba, duk wanda ya gan shi zaune cikin bas mai sanyi, don Allah ya kau da kai.