Ranar da Muka Tura Motar Sulke

Jama'a, yau da ciwon baya nake rubuto muku, kuma motar yaƙi ce ta jawo min. Tun hantsi ina layin mai da ɗan babur ɗina, sai ga wata ƙatuwar motar sulke, irin mai ɗaukar sojoji, ta zo bakin gidan man ta yi tari sau biyu ta mutu. Direban ya leƙo ta ƙofar sama ya ce, "Bayin Allah, mai ya ƙare, a taimaka a tura." Muka taru mu kusan talatin muna nishi, ko gezau ba ta yi ba.

Maƙwabcina, tsohon soja da ya koma walda, ya shafa ƙarfen kamar mai tayin sa a kasuwar shanu. Ya ce, "Ka san dalilin ƙera ta? Da can soja a ƙafa yake bin tankar yaƙi, harsashi na tsintar su ɗaya-ɗaya. Sai aka yi musu akwatin ƙarfe mai taya, ya kai su bakin daga da ransu. Dubi ƙasanta kamar ƙirjin kwale-kwale, don in ta taka nakiya ƙarfin ya watse gefe."

Na ce, "To ɗanka da ke fagen fama, irinta yake hawa?"

Ya ce, "A-kori-kura ce buɗaɗɗiya. Shi da buhun yashi biyu."

Nan direba ya ce a rage kaya ko za ta motsa. Ya buɗe ƙofar baya, na gyara tsayuwa in gaida dakaru. Sai ga kujerun roba, fal har rufi, da rumfa da lasifika. Wai Mai Girma Uban Alkawura ne zai yi bikin buɗe sabon gidansa, can za a kai su.

Ni dai na yaba da wannan hangen nesa. A wajen manya, me ya cancanci sulke kamar kujera?

Tsohon soja ya ɗauki hoton motar ya tura wa ɗansa, wai kada yaron ya yi ritaya bai taɓa ganin cikinta ba. Ba a jima ba amsa ta shigo: "Baba, a tambayar min kujerun, ko za su ɗan matsa."

Muka yi dariya, amma na ga tsohon ya juya yana goge ido da hularsa.

Da na koma gida na ce wa mai ɗakina, in babban ɗanmu ya nace sai ya shiga soja, to ba na hanawa. Amma a wurin da aka ce ya rubuta sana'a, ya sa "kujerar roba".