Tekun Barmo a Cikin Kwalba

Tibiri Allah ya ba ta sarauta, Maraɗi ya ba ta kantuna da dalar gyaɗa, Sae Sabuwa kuwa ya ba ta Barmo Bato. Mutanen garin ba su san girman rabonsu ba, amma Barmo, mutumin kirki, bai taɓa gajiya da tuna musu ba. Shi kaɗai ne, daga nan har inda gulbi ya ƙare, ya taɓa shiga jirgin ruwa ya keta teku har Faransa. Irin jirgin nan Faransawa ke ce wa bato, sunan ya manne masa ke nan. Wasu kan ƙara masa da Sarkin Teku, a bayan idonsa don dariya, a gaban idonsa don girmamawa, shi kuwa duka biyun karɓa yake da hannu bibbiyu.

In ka tambaye shi abin da ya kai shi, sai ya gyara hula ya ce gwamna ne ya aike shi. Ba duka ne ƙarya ba. Wani kumandan bature mai mulkin yankin ne ya sami kyautar jiminu biyu, aka ce a kai su gidan namun daji a Marsai, ana neman mai ba su dusa ya share kashinsu a hanya. Barmo ya dace. Aka sa shi can ƙasan jirgi kusa da inji, shi da manyan baƙin nan biyu. Tun jirgi bai gama barin tashar Kwatano ba cikinsa ya juya, ya kwanta, bai sake miƙewa sosai ba sai da aka ce an iso. Jiminun ne suka yi jinyarsa da ido. Abin da ya gani na teku bai wuce ta wata ƴar taga kamar bakin tulu ba, sai bokitin ruwan da wani ma'aikacin jirgi ke janyowa don wanke keji. Daga bokitin nan Barmo ya cika kwalba guda, ya toshe, ya dawo da ita gida. Wannan ɓangaren labarin bai cika tunawa da shi ba, don manyan mutane abubuwa na yi musu yawa a kai.

Ya dawo da tafiya irin tasa. Ƙafafu a ware, kafaɗa na lilo, kamar mai tsallake kunyar dankali. Ya ce ƙasa ba ta gama tsayawa a ƙarƙashinsa ba tukuna. Shekaru suka wuce, yaran da aka haifa bayan dawowarsa suka isa kiwon awaki, ƙasa dai ba ta tsaya ba.

Kullum bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a gindin gawon ƙofar gidansa ya raba wa jama'a ilimi kyauta.

"Ku saurara, don ba kullum za ku same ni ba. In za ka shiga bato, ka nemi ɗaki a tsakiya, nan ne lilo bai da ƙarhi. Kada ka sha hura ranar tahiya. Ka ɗaure takalmanka a ƙahwar gado, in ba haka ba ka kwanta da su a Dakar ka tashi suna Kasabalanka. In kapiten ya gayyace ka cin abinci, cokali ukku za ka tarar, ka hwara da na waje. Kada ka miƙa mishi hannu sai ya miƙo. Ni da muka saba, shi ke hwara miƙowa."

Masu sauraro manoman gero da wake ne, babban ƙetaren da suka taɓa yi shi ne gulbi da rani, lokacin da jaki ma ba ya jiƙa kofato. Amma suna gyaɗa kai, don inuwar gawon na da daɗi, Barmo kuma ba ya rowar goro. Har wanda zai je kasuwar Gidan Sori a kan jaki sai ya tsaya an gargaɗe shi ya riƙa kallon nesa, kada jiri ya kwashe shi.

Babbar dukiyarsa dai kwalbar ce. Tana cikin adaka, an naɗe ta da rawani. Baƙo in ya isa baƙo, ba ruwan randa ake tarbarsa da shi ba, teku ake ɗiga masa a cokali. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce lalle Allah da iko yake. Liman ya sha, sarkin noma ya sha, wani jandarma da ya zo binciken satar bijimi ya sha har sau biyu. Barmo ya kuma bayyana cewa ruwan na maganin ciwon gwiwa, labari ya kai har Tibiri, tsofaffi suka riƙa aiko da gaisuwa.

To, mai hankali zai ce kwalba guda, ana ta sha shekara da shekaru, ai ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Da yamma ka gan ta ta sauka, da safe ta cika har wuya. Barmo bai yi mamaki ba ko kaɗan, wannan ma darasi ne.

"Halin teku ke nan," in ji shi, yana ɗaga ta sama kowa ya gani. "Ya ja baya, ya komo. Ko a kwalba ka tsare shi ba ya barin halinshi. Wanda bai yi tahiya ba ina zai sani?"

Wadda ta san sauran bayanin ita ce Lantana, matarsa. Tun ranar da ta ga kwalba ta fara sauka, maigida ya kwana uku yana huci yana zargin kowa har kaji, ta ce ita ba za ta iya da wannan bala'i ba. Ta ɗebi ruwan rijiyar unguwa, ta jiƙa ɗan gishirin balma, ta ƙara masa. Gida ya zauna lafiya. Daga baya hannunta ya faɗa: ƴar kanwa don ɗaci, wutsiyar busasshen kifi a tsoma a cire don ƙamshi. Sannu a hankali ruwan Marsai ya bi cikin liman da jandarma ya tafi, harshen Barmo kuwa ya saba da tekun Lantana kamar yadda ya saba da miyarta.

Sai aka sami mulkin kai. Turawa suka naɗe tutarsu, aka kawo sabon kumandan ɗan ƙasa, Hashimu, saurayi ɗan Tibiri da ya yi lakol, wato karatun boko, a Dakar. Ba a jima ba labari ya zo cewa gwamnati za ta tura manoman gyaɗa Faransa su ga baje kolin noma, a bato, kuma za a ɗauki mutum ɗaya daga wannan yanki. Kumandan da kansa zai zo ya zaɓa.

Barmo bai jira zaɓe ba. Ya sa tela ya ɗinka masa farin kwat da wando. Ya shiga gida gida yana sallama, yana karɓar sallahu: wannan na son agogo, waccan na son turare, liman na son tabarau. Amma a gaskiya, in aka ajiye dariya gefe, mutumin nan yana son tafiyar har cikin ransa. Yana son sau ɗaya a rayuwarsa ya hau saman jirgi a tsaye da ƙafafunsa, ya dafa ƙarfe, ya ga abin nan da ya shekara goma sha wani abu yana ba da labarinsa. Wannan bai faɗa wa kowa ba, ko Lantana.

Ranar zuwan kumandan, Lantana ta tashi da himma. Babban baƙo ne, ta ce a ranta, ba a yi masa teku na ganin dama. Ta zaɓi balma mai kyau, ta bar wutsiyar kifi ta ɗan jima fiye da kullum.

Da hantsi sabuwar mota ta tsaya a gindin gawo. Gari ya taru, mata suka leƙo ta saman zana. Barmo ya fito cikin farin kwat, yana lilo fiye da yadda ya taɓa yi, har wani tsoho ya miƙa hannu zai tare shi. Kumandan bai gama zama ba aka fara yi masa lacca.

"Ranka ya daɗe, Allah ne ya kawo ka wurin da ya dace. Tahiyar teku ba wasan yara ba ce. Mutanen ga da kake gani, in ka sa ɗaya cikinsu a bato, kahin a kai Abijan ya ba ƙasarmu kunya. Wa zai gwada mishi cokali? Wa zai gaya mishi ya ɗaure takalmi? Ni kuwa teku ya san ni, na san shi. In an ruhe mini ido aka ba ni ruwanshi, sai in gaya maka daga wane wuri aka ɗebo."

Ya kwance rawani, ya fito da kwalba. Kumandan ya yi murmushi.

"Ashe ita ce wannan, Baba Barmo. Ai saboda ita tsohuwata ta hana ni sakat, wai sai na samo mata na gwiwa. Ga tawa ma a mota, ban kai mata ba tukuna."

Direba ya kawo wata kwalba. Teku biyu a gari ɗaya! Barmo ya karɓe ta da yatsa biyu, ya ɗaga ta a rana, ya girgiza, ya shinshina, ya ɗiga a cokali ya kurɓa. Ya jujjuya shi a baki, ya lumshe ido. Sai ya juya gefe ya tofar.

"Wayyo, ranka ya daɗe! An cuce ka."

"Baba, ai wannan..."

"Bari in gama, yaro ne kai a wanga hanni. Wanga ruwan rijiya ne aka zuba wa gishirin kanti. Ɗan karen ɗaci kawai, babu jiki, babu ƙamshi. Haka ƴan kasuwa ke yi wa wanda bai sani ba. Ka gwada mini wanda ya sayar maka in ja mishi kunne." Ya ɗiga tasa, ya kurɓa, fuskarsa ta washe. "Yawwa! Ka ji teku. Wanga tsakanin Dakar da Kasabalanka ne, inda zurhi ya hi yawa. Kana jin kihin da ya gitta ta cikinshi."

Ya miƙa wa kumandan cokali. Kumandan ya kurɓa, ya sake kurɓa.

"Baba, ba saye na yi ba. Da na je Kwatano karɓo motar nan daga tashar jirgi, ni na naɗe wando na shiga, na cika kwalbar da hannuna, igiyar ruwa har ta tafi mini da takalmi ɗaya." Ya lashi leɓe. "Naka kuwa, wallahi da za a kaɗa kuka a ciki, da na nemi tuwo."

Daga bayan zana sai aka ji muryar Dija, maƙwabciyar Lantana, wadda Allah bai halitta da raɗa ba:

"Lantana, ai na ce miki kihin ya yi yawa yau!"

Dariyar da aka yi, har jakan da ke ɗaure suka amsa. Liman ya toshe baki da hannun riga. Tsoffin da gwiwarsu ta warke suka fara ɗingishi nan take. Barmo ya tsaya da cokali a hannu, kuma a karo na farko tun dawowarsa daga Marsai ƙasa ta tsaya cak a ƙarƙashinsa.

Kumandan ya zaɓi Jibo, wanda gyaɗarsa ta fi ta kowa a bara, mutumin da ko rijiya ba ya son leƙawa. Jibo ya roƙa a yafe masa, aka ce ina.

Barmo ya shige gida. Ya cire kwat ya ninke, ya zauna ya sa kwalba a gaba, ta sauka har rabi. Lantana ta yi ta kai da kawo a tsakar gida tana jiran hadari ya fashe, har ta ɗaure ƴan kayanta a zane ko da za a ce ta je gida tukuna. Shi dai ya ci tuwo, miyar kuka ce, ya daɗe yana kallon kwanon. Tabarmar gindin gawo ta yi kwanaki a naɗe, masu sallahu suka riƙa bi ta wata hanya don kada su haɗa ido da shi.

Ran nan da la'asar aka yi sallama. Jibo ne, ya rame, ya durƙusa a zaure yana murza hula.

"Sarkin Teku, ka taimake ni don Allah. Jibi za mu tashi. Cokalin nan, da wane aka ce a hwara?"

Barmo ya dube shi. A hankali kafaɗarsa ta dama ta sauka, ta hagu ta tashi. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Ka yi hankali da ka zo. Da na waje. Kuma ka nemi ɗaki a tsakiya. Amma kahin komai sai cikinka ya san ruwan, in ba haka ba ya ba ka kunya."

Ya tashi ya leƙa cikin gida, ƙafafu a ware, ya rage murya yadda Jibo ba zai ji ba.

"Lantana, teku ya ja baya." Ya miƙa mata kwalbar. "Ki rage kihin."