Yadda Na Sallami Mai Gida da Finjali

Ba zan taɓa mantawa da wannan daren Alhamis ba, ko da na so. Watana uku ke nan a Riyad, ina aikin jera takardu a ofishin wani wurin shaƙatawa da ke kusa da Dir'iyya, kuma saura kwana huɗu wa'adin gwajina ya cika. Idan mudir, wato shugaban wurin, ya sa hannu, na zauna. Idan bai sa ba, sai in koma Katsina, inda mahaifina ya riga ya sanar da sahun farko na masallacinmu cewa ɗansa mai digirin tarihi ya zama babban ma'aikaci a Saudiyya.

Kowace Alhamis bayan isha'i akan yi wasan fitilu don tunawa da mutumin da ya kafa wurin. A haska katangar laka, a nuna shi yana haƙa rijiya, yana dasa dabino, yana saukar da fatake. A ƙarshe haske ya sauka kan ɗansa, wani dattijo mai kusan shekara tamanin da ke zama a gaba, ma'aikaci ya fito ya zuba masa gahawa, a nuna su a babban allo.

Ran nan zazzaɓi ya kwantar da mai zubawar. Mudir ya dubi tsayina, ya dubi rigar wasan, ya ce ni ne. (Ba ilimina ya duba ba, na daɗe kafin na amince da haka.)

Baba Sani, direban da ya shekara ashirin a ƙasar, wanda kuma shi ya samo mini aikin, ya tarar da ni a bayan dandali ina haddace gaisuwar Larabci da na rubuta.

"Malam mai digiri, ajiye takardar nan, zo in nuna maka yadda ake zubawa."

"Baba, Allah ya saka da alheri, amma ai zuba gahawa ba ya buƙatar darasi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "To, madalla. Buta a hagu, finjali a dama. Sauran kuwa ka duba a littattafanku."

Aka kashe fitilu, ina tsaye riƙe da buta ina jiran lokacina. Aka haƙa rijiya, dabino ya tsiro, ban ga ko ɗaya ba. Sa hannun mudir kawai nake gani. Can haske ya faɗo kaina. Na taka, na durƙusa, gaisuwar da na haddace ta gudu, na tsira da sallama.

To, a gidanmu wanda ya ba baƙo rabin kofi marowaci ne, ni kuwa ba zan kunyata Katsina a gaban Larabawa ba. Na cika finjalin nan fal, har yana neman tumbatsa. Na ji wani guna-guni a cikin jama'a. (Na ɗauka yabo ne.) Dattijon ya dubi finjali, ya dube ni, ya daure ya shanye. Sannan ya miƙo shi yana girgizawa.

Tausayi ya kama ni. Na ce a raina, Allah sarki, tsufa, hannu ya fara rawa. Cikin ladabi na sa hannun dama na riƙe nasa gam don ya natsu, na sake cika masa. Duk wannan a babban allo, daidai lokacin da muryar mai ba da labari ke cewa a gidan nan ba a taɓa gaggauta baƙo ya tashi ba.

Dariya ta ɓarke, har daga ɓangaren iyalai. Dattijon ya ajiye finjali, ya dafa sandarsa.

"Na ji, ɗana, na ji. Na tafi."

Ya fice tun kafin a harba wasan wuta, 'ya'yansa na biye.

A bayan dandali Baba Sani ya dafe kai. "A nan ɗan kaɗan ake zubawa a gindin finjali, don baƙo ya daɗe yana karɓa. Cikawa na nufin sha ka tashi. Girgizawa kuma, na ƙoshi. Ka kori mutum daga gidan ubansa, ya ce ya ƙoshi, ka danne masa hannu ka sake korarsa!"

Na koma masaukinmu na unguwar Jaradiya na fara naɗe kayana.

Washegari bayan sallar Juma'a mudir ya kira ni, fuskarsa a murtuke. Ya ce dattijo ya bugo waya. Wai shekara biyu yana zaman kallon wasan nan har ƙarshe da ciwon gwiwa, ba wanda ya taɓa ba shi dalilin tashi sai ni, don haka kada a taɓa aikina. Mudir ya sa hannu kamar mai haɗiyar maɗaci, ya ƙara da cewa muddin yana wurin, ko butar alwala ba zan ɗauka a gaban baƙo ba.

Darasin da na koya kaɗan ne, amma na riƙe shi: a ƙasar mutane, in ka ga hannun dattijo yana rawa, ka fara tambaya ko magana yake yi kafin ka kai masa ɗauki.