Yashin Isa Ya Shiga Fim

Kwanan baya na nutse a ruwa a tsakiyar unguwar Bukoki, da hantsi, ana rana mai fasa kai. Ruwan bai kai idon sawuna ba. Duk da haka aka ce in ɗaga hannu sama in yi ihu, na ɗaga, na yi. Wani saurayi mai hular hana-salla ya ce ihun nawa bai fito daga zuci ba, a sake. Na sake. Wasu ƙatta masu rigar ceto sabuwa fil suka ɗauke ni cak, suka ajiye ni cikin kwale-kwalen roba da ke zaune daram bisa ƙasa, aka miƙo mini lemo mai sanyi. Tun da na dawo ƙasar nan hukuma ba ta taɓa kula da ni haka ba.

Bari in faɗa muku yadda aka yi. Mai jaridar nan ya ce in rubuta masa wani abu kan manyan finafinan waje, waɗanda ake zuba wa dukiya: me ya ba su girman buri, me zai sa mutum mai hankali ya ɓata yammacinsa a kansu. Ya zaɓe ni ne don na yi karatu a ƙasar sanyi, inda na shafe shekaru ina shiga sinima, rabi don fim, rabi don ɗakin yana da ɗumi. Amsar ba wuya. Mutanen nan ba su raina mai kallo ba. In suna son nuna maka gari ya nutse, sai sun gina garin tukuna, har da tagogi da igiyar shanya, sannan su sako masa teku. Su tara dubban mutane su koya musu gudu. Wani ya kwana ya wuni yana gyara yadda kofin shayi zai girgiza bisa tebur kafin ruwa ya iso. Kana zaune cikin duhu, zuciyarka na dukan uku-uku, jirgin ceto ya bayyana daidai lokacin da ruwa ya kai wuyan jarumi. A kunna fitilu, ka fita ƙafarka a bushe. Abin da kake saya ke nan: bala'in da aka yi wa aiki mai kyau, kuma ba naka ba.

Ina shirin rubuta cewa mu a nan ba mu da irin wannan buri, sai ga shi an kawo mini har ƙofar gida.

Lungunmu gangare ne. Duk ruwan da ya sauka a unguwa ta nan yake bi. Akwai kaniwo a bakin titi, magudanar da aka gina don ta kwashe shi, amma ta cika da leda da ƙasa tun kafin in dawo. Yanzu awaki ke kiwo a kanta. A ƙarshen gangaren gidan Isa tela yake, mutumin Maraɗi, gidan laka mai ɗaki biyu. A ɗaya yake kwana da matarsa Asma'u da yaransu, a ɗayan keken ɗinkinsa yake. Bangon shagon shi ke fuskantar lungu, kuma bara ya tsage. In ya faɗi, shago ya tafi, abincin gidan ya bi shi. Isa bai kai kuka ko'ina ba. Tun farkon zafi yake tsintar buhunan shinkafa da aka yar, ya ɗinke su, ya cika su da yashin da yake turowa a baro daga ƙorama kafin ya buɗe shago. Ya jera su a gindin bangon har suka kai ƙugu. Shi ne kaɗai shirin damina da na gani da idona a unguwar nan.

Ranar da na nutse, motoci suka cika lungu tun da safe. An ce wani ofishi ne mai dogon suna, wanda ba mu taɓa jin labarinsa ba, zai ɗauki fim don duniya ta ga yadda ake ceton talaka in ambaliya ta zo. An kawo kyamarori, rumfa, kujeru, da wata na'ura mai tashi sama tana kuka kamar zanzaro. Saurayin mai hula, Abdoulkarim, shi ne darakta. Abu ɗaya ya rage: ruwa. Sama ba ta fara ba, famfunanmu kuma sun daɗe iska kawai suke fitarwa. Sai ga motocin tanki sun jero a kan gangare, cike maƙil.

Ana buɗe bakin tankin farko, Hajiya Indo mai waina ta ɓullo da bido biyu, manyan jarkoki, ta kafa su ƙarƙashin ruwan. Darakta ya ɗaga murya.

"Hajiya, don Allah ki fita daga hoto! Ambaliya ce wannan!"

"Ambaliyar wa?"

"Ta fim ce, Hajiya. Ke gudu za ki yi, ruwa ya biyo ki."

"Ɗan nan, tun yaushe nake bin ruwa bai tsaya mini ba, yau ya zo da ƙafarsa ka ce in guje shi? Jamila, 'yata! Fito da babban bahon nan, ki kira maƙwabta!"

Ambaliyar farko ba ta taɓa ƙasa ba. Mata suka kwashe ta a bido da bokiti da tukunyar tuwo, har da butar alwala. Ban san wata ambaliya a tarihin Yamai da aka shawo kanta da sauri haka ba, amma darakta ya ce a kashe kyamara. Aka ja igiya, aka tsare matan a bayanta, aka saki ta biyu. A cikinta na nutse.

Bayan azahar aka ce Mai Girma Uban Shiri yana tafe. Ba sunansa ba ne, ni na raɗa masa, don duk inda ya tsaya sai ya ce an shirya. Aikinsa a fim ɗin shi ne ya jera buhunan yashi da hannunsa mai albarka. Aka sauke buhunan daga kamiyo, babbar motar kaya: farare tas, an buga musu sunan ofishi da shuɗin fenti. Wayam. An tuna da buhu, an tuna da fenti, an manta da yashi. Abdoulkarim ya cire hula ya sosa kai, ya waiga hagu ya waiga dama, idonsa ya sauka ƙarshen gangare.

"Malam tela, aron buhunanka za mu yi. Yanzu-yanzu a mayar maka."

"Ranka ya daɗe, bangona suke riƙe."

"Yau ruwa za a yi? Dubi sama mana."

Isa ya dubi sama, tas take. Ya dubi motocin tanki. Kafin ya haɗa magana an sa masa rigar ceto, an ce shi ne zai fito a matsayin mutumin da Mai Girma zai ceta da kansa. Babban matsayi ne. Ni ƙatta kawai na samu.

Suka zura buhunan Isa cikin fararen nan ɗaya bayan ɗaya, suka jera su can saman lungu inda haske ya fi kyau, gaban wata katangar siminti da ruwa bai taɓa gaisarwa ba. Mai Girma ya fito daga mota da takalmin roba har gwiwa, ƙyallinsa na kashe ido. Ya ɗora tafin hannu bisa buhun da mutum biyu ke ɗauke da shi, ya ɗaga kai ya dubi nesa. Gaskiya ɗaya ce, na ga jarumai a ƙasashe da yawa, amma ban taɓa ganin wanda ya iya nishin kayan da wani ke ɗauke da su kamar wannan bawan Allah ba. Baiwa ce. Daga nan aka saki tankin ƙarshe don hoto ya yi armashi. Ruwa ya bi gangare kamar yadda ya saba, ya je ya kwanta a gindin bangon Isa, wanda yanzu ba komai a gabansa. Laka ta sha ta ƙoshi.

Da la'asar aka fara loda kaya. Rumfa ta hau, kujeru suka hau, buhuna suka hau. Isa ya je wurin mai kula da kaya, wani mai tumbi da mabuɗai a ƙugu.

"Ranka ya daɗe, buhunana."

"Karanta abin da ke jiki. Sunanka ne?"

"Na ciki nawa ne."

"Duk abin da ya shiga ciki ba ya fita sai da izini. Kayan hukuma ne yanzu. Kala suuru."

Ga wanda bai jin Zabarmanci, yi haƙuri ke nan. Shi ne kayan agajin da bai taɓa yankewa a garin nan ba.

Na matsa na yi masa bayani da Faransancin da na sha sanyi na koyo. Ya saurara har ƙarshe, ya yaba lafazina, ya tambaye ni ina na yi karatu. Muna cikin haka kamiyo ya tashi.

Isa ya bar ɗinki ya je ofishin. Aka ce buhuna suna bakin aiki, fim bai ƙare ba. Ba ƙarya suka yi ba, mun gani a tele. Ga Mai Girma yana nishi a Yantala, ga shi yana nishi a Zongo, buhunan nan dai su ne. Garba direba, maƙwabcinmu da muke shan shayi tare a fada, majalisarmu ta bakin titi, shi ya gane wani buhu mai karkataccen kunne.

"Isa, ga yashinka can bakin kogi yana shan iska! Wallahi ya fi ka sanin gari."

"Bar shi, Garba. In ya dawo ya ba mu labari."

Aka yi dariya, har da Isa. Kashegari kafin rana ta fito na ji ƙarar baronsa. Ya koma ƙorama daga farko. Jerin bai kai gwiwa ba hadari ya haɗo.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka saki ruwa, na gaske, wanda ba darakta. Kaniwo ta yi aikin da ta saba, wato ba ta yi komai ba. Duk ruwan unguwa ya kwararo lungu, ja wur, ɗauke da leda da takalma. Ba kwale-kwale, ba rigar ceto, ba lemo. Ni da Garba da Isa muka cicciɓi keken ɗinki, ruwa a cinya. Asma'u ta ɗora atamfofin mutane a ka, Hajiya Indo ta ja yara zuwa tudu tana zagin duk wanda ya zo bakinta. Bangon bai faɗi yadda ake yi a sinima ba. Ba kiɗa, ba ƙara. Zama ya yi a hankali, kamar tsohon da ya gaji da tsayuwa, rufin ya bi shi. Ba wanda ya mutu. Ihun da Asma'u ta yi, da Abdoulkarim ya ji shi, da bai ce a sake ba.

Keken yana zaurena yanzu, nan Isa ke ɗinki. Ranar da ya tare, tele ta sake nuna fim ɗin. Ga Isa cikin kwale-kwale yana murmushi, Mai Girma ya dafa kafaɗarsa, wata murya mai daɗi tana cewa bana ba gidan da ruwa zai ci. Isa ya tsayar da keke ya kalla har ƙarshe.

"Malam Ɗahiru," ya ce, "wallahi an cece ni da kyau."

Don haka, mai jarida, na janye abin da na yi niyyar rubutawa. Mutanen waje matsorata ne. Garin da suke nutsarwa na katako ne da kwali, su suka gina abinsu, kuma in an gama kowa ya koma gidansa ya tarar da shi a tsaye. Wannan ba buri ba ne, wasan yara ne. Buri shi ne ka ɗauki fim ɗin ceto da ruwan da unguwa ba ta samu ta sha ba, ka kare katangar da ba ta cikin haɗari da yashin wadda ke cikin haɗari, ka tafi ka bar sama ta ƙarasa maka aiki ba tare da ka ƙara ko tanki ɗaya ba. Ina ƙalubalantar duk wani darakta na ƙasar sanyi ya yi kwatankwacin haka.

Jiya Abdoulkarim ya dawo. Ya tsaya gaban kangon shagon, ya cire hula. Na zaci jaje zai yi. Ashe haske yake aunawa.

"Malam tela, don Allah kada ka taɓa komai sai bayan Asabar. Ko ƙofar nan da ta karkace, bar ta haka. Wannan ko da kuɗi ba ma iya haɗa irinsa."

"Me za a yi ranar Asabar?"

"Mai Girma zai zo jaje da kansa. Har da gudummawa zai ba ka gaban kyamara."

"Ta me?"

"Buhunan yashi. Masu kyau, farare."

Isa ya ajiye almakashi.

"Akwai wani mai karkataccen kunne a ciki?"

"Ban lura ba."

"In an gama hoto, za a bar mini su?"

"To, wannan sai an tambayi mai kula da kaya."

Hajiya Indo tana bakin kaskonta tana ji. Ba ta ɗaga kai ba.

"Ka ce masa ya zo, ɗan nan. A sauke su ƙasa kawai. Ni zan zauna kan ɗaya, Asma'u kan ɗaya, Jamila kan ɗaya, kowane buhu da macensa. In yana son kayan hukuma, ya loda mu tare. Dama ban taɓa shiga Yantala a mota ba."

Tun jiyan mata ke raba buhuna tsakaninsu, masu jiki su ne a gaba. Ni dai na riga na fitar da kujerata bakin zaure, sahun farko. In kuna kusa ku zo da wuri, kuma ku zo da bido ko da za a kawo tanki. Shiga kyauta ce. Isa ya riga ya biya mana duka.