Tukuicin Kyanwata a Gaban Sufeto

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, lokacin ina sabon malamin firamare a Yelwa, muna cikin jihar Sakkwato. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Akwai wata kyanwa da na tsinto a bakin ruwa tana jaririya, na sa mata suna Gimbiya. Ni na tsinto ta, amma Inna take so. In na miƙa hannu sai ta ɗage jela ta wuce kamar ba ta san ni ba. Abin ya dame ni ƙwarai (ƙato da ni, ina kishi da mahaifiyata a kan kyanwa). Na kai kuka wurin maƙwabcinmu Baba Manu, tsohon masunci. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Malam, ba a kama zuciyatta da tsawa. Ka ba ta kifi da hannunka, ka yi mata magana a hankali, ka bar ta ta zo da kanta."

Na bi shawara sau da ƙafa. Kullum da la'asar in zauna kan tabarma da busasshen kifi ina ta rarrashi. Cikin wata guda Gimbiya ta sallama. Ta dawo kwana a kan jakar makarantata, wadda ban cika rufewa ba.

Ana haka aka ce sufeton makarantu zai zo daga Sakkwato, kuma rahotonsa ne zai sa a tabbatar da ni a aiki ko a sallame ni. Ranar na sha guga, na suri jaka ban ko leƙa ciki ba. Sufeto, wani dattijo mai babbar riga fara fat, ya zauna gefen teburina, hedimasta na tsaye a bayansa.

Ya ce, "Malam, mu ga littafin shirin darasinka."

Na ce, "To, ranka ya daɗe," na zura hannu cikin jaka. Sai na ji wani abu mai laushi, mai ɗumi. Abin ya motsa! Na kurma ihu (ihun da ban san yana cikina ba), na yi jifa da jakar. Wani ƙaton ɓera da Gimbiya ta ajiye mini, da sauran ransa, ya faɗo kan cinyar sufeto ya shige hannun rigarsa.

Dattijon nan ya yi tsalle ya haye benci yana salati yana kakkaɓa, hularsa ta gangara har bakin ƙofa. Aji ya kaure. Hedimasta ya ɗauko tsintsiya ya rasa wa zai duka. Ni kuwa da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ranka ya daɗe, kyauta ce aka yi mini."

Sufeto ya dube ni daga saman benci ya ce, "Wa ke sonka haka?"

Na ce, "Kyanwata."

Ban san ko tausayi ba ne ko dariyar da ta ƙwace masa, amma ya sauko, ya gyara riga, ya ce in ci gaba da darasi. Na koyar da lissafi. Aiki dai an tabbatar da ni, sai dai shekara uku malamai na kirana Malam Kyauta.

Da na ba Inna labari, ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce, "Mi kake tsammani? Abin da take da shi ta ba ka."

Tun ranar na koyi cewa in ka dage sai an so ka, to ka shirya karɓar son yadda mai shi ya iya bayarwa. Kuma ka riƙa zazzage jakarka kafin ka bar gida.